Shin Ko Kun San? Sirrin Cakulan Mai Karamel Da Ake Sha A Kantin Kwari

Kantin Kwari kasuwar yadi ce: atamfa, shadda, leshi, mayafi. Amma tsakanin layukanta ana wani cinikin da ba ya bukatar awon yadi, wato na masu tebur da yara masu talla da ke sayar da alewa, minti da cakulan. Kwalayen daga kasuwar Singa da ta Sabon Gari suke fitowa, su ƙare a jakar uwar da ta zo haɗa lefe, ko a aljihun yaron shago. Wanda ya fi jan hankalin yara shi ne cakulan mai karamel, wanda in an gatsa sai wani abu mai danƙo, ruwan zuma, ya biyo haƙori. Ga abin da ke cikinsa, da abin da yake yi a jiki.

ME KE CIKIN ƘWAYAR?

1. Shin ko kun san cewa rabin nauyin wannan cakulan, ko ma fiye, sukari ne? A giram 100 na sanannun nau'o'insa akan sami sukari giram 50 zuwa 64, maiƙo giram 17 zuwa 24, furotin mai gina jiki kuwa giram 4 zuwa 6 kacal. Sunan cakulan ne a jikin leda, amma sukari ne mai gida.

2. Shin ko kun san cewa giram 100 ɗin nan na ɗauke da kalori 450 zuwa 490? Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki. Giram ɗaya na sukari yana ba da 4, na maiƙo yana ba da 9. Baligi matsakaici yana bukatar kimanin 2,000 a yini, ke nan an cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rabon yini. Dafaffiyar shinkafa sai ta kai giram 350 kafin ta ba da wannan adadi, ita kuma za ta riƙe ciki har la'asar.

3. Shin ko kun san cewa sandar cakulan mai karamel ta Mars guda, mai nauyin giram 51, tana da kalori kimanin 228 da sukari kusan giram 30? Cokalin shayi a shafe yana ɗaukar giram 4, saboda haka cokali 7 da rabi ke nan. Da mai shayi ne ya zuba muku haka a kofi guda, da kun riƙe masa hannu tun a na huɗu.

4. Shin ko kun san cewa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini? Ga mai bukatar kalori 2,000, giram 50 ke nan, wajen cokali 12. Ta ƙara da cewa in an sauko ƙasa da kashi 5, wato giram 25 ko cokali 6, ya fi. Sanda guda ta riga ta tsallake wannan iyaka ta biyu, ba a lissafa sukarin kunu da na shayin safe ba.

5. Shin ko kun san cewa cakulan mai karamel bai kai cakulan madara zalla yawan kalori ba, amma sau da yawa ya fi shi sukari? Zallan cakulan madara yana da kalori kimanin 535 a giram 100, karamel shi kaɗai kimanin 380, domin akwai ɗan ruwa a jikinsa kuma maiƙonsa kaɗan ne. Abin da aka rage ta wajen maiƙo an biya shi ta wajen zaƙi.

6. Shin ko kun san cewa rabin maiƙon da ke ciki, ko fiye, irin mai daskarewa ne? Daga man koko, kitsen madara da man kwakwar manja yake fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan maiƙo ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, wato kimanin giram 22, saboda yawansa yana ƙara mugun kitse a jini, wanda ke toshe hanyoyin jini na zuciya.

7. Shin ko kun san cewa madarar da ake zanawa a jikin leda ba ta taka kara ta karya ba? Giram 100 na wannan cakulan yana ba da kalsiyam, sinadarin ƙarfafa ƙashi, kimanin miligiram 150. Kofin madara ko kindirmo guda yana ba da wajen 300, baligi kuma yana bukatar kusan 1,000 a yini. Wanda zai nemi kalsiyam ɗin kofi guda daga cakulan sai ya haɗiye sukari fiye da giram 100 tare da shi.

8. Shin ko kun san cewa dafaffen ƙwai guda ya ninka sandar cakulan mai karamel furotin kusan sau uku? Ƙwai yana da giram 6, sandar giram 51 tana da 2 da ɗan ɗori. Gyaɗa kuwa giram 25 take da shi a kowane giram 100. Shi ya sa nau'in da aka cusa wa gyaɗa, irin Snickers, ya ɗara sauran furotin, amma sukarinsa na nan daram.

9. Shin ko kun san cewa alfanun cakulan da kuke ji a rediyo ba wannan ake nufi ba? Baƙin cakulan mai ɗaci ake nufi, wanda kokonsa ya kai kashi 70 zuwa 85 cikin 100. A giram 100 yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini kusan miligiram 12, da harza mai taimakon hanji giram 11. Cakulan madara kuwa doka a Tarayyar Turai ta yarda da koko kashi 25, a Amurka ma kashi 10 ya wadatar. In aka cika tsakiyarsa da karamel, rabon koko ya sake raguwa.

10. Shin ko kun san cewa jerin kayan haɗin da ke bayan leda ba a rubuta shi kara zube? Ƙa'ida ce a fara da abin da ya fi yawa, a ƙare da mafi ƙanƙanta. Ku juya ledar ku duba: sukari ne kan gaba kusan kullum, sai ruwan gulukos, shi ma sukari ne. Koko yakan zo ne daga baya.

YADDA AKE HAƊA SHI

11. Shin ko kun san cewa farin sukari yana narkewa ya koma ruwan ƙasa ne idan zafi ya kai wajen digiri 160 zuwa 170 a ma'aunin Salshiyas? A nan ƙwayoyinsa ke farfashewa, su haifar da launi da ƙamshi da ɗan ɗacin da ake so. In aka yi sakaci ya zarce, sai ya yi baƙi ya ƙone. Karamel mai laushi na cikin cakulan ba ya kaiwa can: ana dafa sukari da madara da mai ne zuwa kimanin digiri 120.

12. Shin ko kun san cewa iloka da gullisuwa 'yan ɗaki ɗaya ne da karamel? Abin da ke rina su shi ne haɗuwar sukari da furotin ɗin madara a kan wuta. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana wannan haɗuwa a 1912. Ita ce kuma ke ba ɓawon burodi launinsa, ta ba tsire ƙamshinsa. Matar da ke juya iloka a tukunya a Fagge aikin da injin masana'anta ke yi take yi.

13. Shin ko kun san dalilin da ya sa karamel ba ya komawa tsakin sukari ko ya yi watanni a kwali? Ruwan gulukos da ake tatsowa daga sitacin masara, alkama ko rogo shi ke hana ƙwayoyin sukari sake haɗuwa. Iyaye mata sun daɗe da sanin dabarar: lemon tsami ko tsamiyar da ake sawa a ruwan sukarin alkaki da dubulan yana raba sukari gida biyu, gulukos da furuktos, sai ya ƙi daskarewa.

14. Shin ko kun san cewa Eclairs, alewar kamfanin Cadbury da 'yan Najeriya suka daɗe da sani, an juya tsarinta ne? Karamel ne a waje, cakulan a tsakiya. Wannan ya sa ta fi jure rana a kan tebur, domin ɓawon karamel ba ya saurin narkewa. Sai dai kuma ta fi daɗewa a baki, ta fi liƙe wa turame.

15. Shin ko kun san cewa man koko yana narkewa ne a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da ɗumin jikin mutum mai digiri 37? Shi ya sa cakulan na ainihi ke narkewa a kan harshe. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura 38, wani lokaci ya taɓa 40. Saboda haka cakulan mai araha da ke yini a faranti bai zube ba, galibi ba da man koko aka yi shi ba: garin koko ne aka kwaɓa da man kwakwar manja da aka sarrafa ya jure zafi. Alamarsa ita ce maiƙon da yake bari a dasashi da ganɗa.

16. Shin ko kun san cewa fari-farin da ke fitowa a jikin cakulan ba fumfuna ba ce? In ya narke ya sake daskarewa, maiƙon ne ke tasowa sama. In kuma aka fito da shi daga firji ya yi gumi, sukari ne ke narkewa ya bushe a samansa. Ɗauke wuta da kawo ta suna jawo duka biyun. Ɗanɗano yana raguwa, amma wannan kaɗai ba ya cutarwa. Warin tsohon mai, ƙwari ko yagaggiyar leda su ne dalilin zubarwa.

17. Shin ko kun san cewa man kaɗanya yana shiga cakulan Turai? Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a haɗa har kashi 5 cikin 100 na wasu mayukan tsirrai guda shida a madadin man koko, kuma man kaɗe na cikinsu. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwarar kaɗanya, jihar Neja na sahun farko. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyar ƙwara na wata 6, don a riƙa sarrafa ta a gida.

18. Shin ko kun san cewa lambobin nan masu harafin E ba dukansu ne abin tsoro ba? E322 sinadari ne da galibi ake cirowa daga waken suya, aikinsa ya sa mai da sauran kayan haɗi su zauna lafiya. E476 daga man zurma ake yin sa, yana sa narkakken cakulan ya gudana a injin. E414 kuwa ƙaro ne, irin na itacen ɗakwara da ake tsinta a Jigawa, Yobe da Borno, wanda ake shafa wa alewa ta yi sheƙi.

HAƘORI DA SAURAN JIKI

19. Shin ko kun san cewa babu tsutsa a cikin haƙorin da ya rube? Ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a dattin haƙori suke cin sukari su fitar da sinadari mai tsami. Cikin mintoci kaɗan da shan zaƙi tsamin ke kaiwa matakin da ɓawon haƙori zai fara zaizayewa, kuma yawu yana bukatar minti 30 zuwa 60 kafin ya daidaita bakin. Wanda ke jefa ƙwaya ɗaya duk bayan awa, haƙorinsa a cikin tsami yake yini.

20. Shin ko kun san cewa da alewar karamel aka tabbatar da haka? A wani gwaji da aka yi daga 1945 zuwa farkon shekarun 1950, a asibitin Vipeholm da ke birnin Lund na ƙasar Suwidin, an riƙa bai wa wasu masu lalurar ƙwaƙwalwa alewa mai danƙo har ƙwaya 24 a yini tsakanin abinci. Haƙoransu suka lalace fiye da na waɗanda suka sha sukari tare da abinci. A yau ana kallon gwajin a matsayin zalunci, domin ba a nemi yardarsu ba. Daga sakamakonsa ne 'yan Suwidin suka ɗauki al'adar bai wa yara alewa ranar Asabar kaɗai.

21. Shin ko kun san cewa ruɓewar haƙori na cikin cututtukan da suka fi yaɗuwa a duniya? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta mutum biliyan 2 na da ruɓa a haƙoransu na girma, yara miliyan 514 kuma a haƙoran nono. A wajen haƙori, karamel ya fi zallan cakulan ɓarna, domin cakulan yana narkewa ya wuce, shi kuwa yana maƙalewa a lungunan turame.

22. Shin ko kun san cewa cakulan ba shi ne taimakon gaggawa ga mai ciwon sukari da sukarinsa ya faɗi ba? Maiƙon da ke ciki yana jinkirta shigar sukari jini. Abin da likitoci ke koyarwa shi ne a ba shi giram 15 na sukari mai saurin shiga, kamar cokali 4 a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba, a sake gwadawa bayan minti 15. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa da shi.

23. Shin ko kun san cewa ba ƙwayar alewa guda ke kawo ciwon sukari ba? Gado, ƙiba, yawan shekaru da rashin motsa jiki su ne manyan dalilan nau'i na biyu, wanda ya fi yawa. Zaƙi yana shigowa ne ta ƙofar ƙiba, musamman teɓa. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta manya miliyan 3.6 ke ɗauke da shi a Najeriya a 2021, kuma da yawa ba su san suna da shi ba sai an gwada.

24. Shin ko kun san cewa ba a so a bai wa yaron da bai kai shekara 2 ba kayan da aka ƙara wa sukari? Cikinsa ƙarami ne, duk gurbin da alewa ta cika an hana nono, ƙwai, wake ko kunun gyaɗa shiga. Ga kuma haɗarin shaƙewa: likitocin yara suna lissafa alewa mai tauri da mai danƙo cikin abubuwan da ke toshe maƙogwaron yaran da ba su kai shekara 4 ba.

25. Shin ko kun san cewa zaƙi ba ya haifar da tsutsar ciki? Tsutsa daga ƙwanta take fitowa, shi kuma yana shiga ta hannu marar wanki, gurɓataccen ruwa ko ƙasa. Haka zancen cewa sukari ke sa yara ƙiriniya: wani nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 1995, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, bai ga sukari na canza halin yara ba. Laifinsa na haƙori da kashe sha'awar abinci ya ishe shi.

26. Shin ko kun san cewa koko da goro dangin juna ne a wajen masana tsirrai? Dukansu suna da kafin, sinadarin da ke kore barci, da ɗan'uwansa tiyoburomin. Sai dai kafin ɗin cakulan madara kaɗan ne, kimanin miligiram 20 a giram 100, bai kai rabin na kofin shayi ba. Tiyoburomin ba ya damun mutum a wannan adadi, amma guba ne ga kare da kyanwa, domin jikinsu ba ya saurin fitar da shi.

27. Shin ko kun san cewa mutum mai nauyin kilo 70 sai ya yi tafiyar sauri ta kusan minti 50 kafin ya ƙone kalorin sanda guda? A nan Kwari ta rabu gida biyu. Ɗan dako da ke yini da dila a ka zai ƙone ta kafin azahar, amma ba ta ba shi furotin da tsokarsa ke nema ba, kuma yunwa za ta dawo da wuri. Mai shago da ke zaune kan benci tun hantsi shi ne jikinsa zai adana ta.

DAGA GONA ZUWA TEBUR

28. Shin ko kun san cewa asalin itacen koko daga dazuzzukan Kudancin Amurka yake? An gano alamarsa a tukwanen da suka shekara kimanin 5,300 a ƙasar Ekwado. Mutanen Aztek na Meziko abin sha mai ɗaci suke yi da shi, har da barkono, kuma da 'ya'yansa suke ciniki a kasuwa a matsayin kuɗi. Turawan Sifen ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, can aka haɗa shi da sukari.

29. Shin ko kun san cewa Kwaddibuwa da Gana kaɗai suna noma fiye da rabin kokon duniya? Najeriya ma tana cikin manyan masu nomansa, jihohin Ondo, Kuros Riba da Osun na gaba. Da kuɗin koko aka gina dogon benen Cocoa House na Ibadan a 1965. A gonakin ƙasar Yarabawa sau da yawa koko da goro a fili ɗaya suke, kuma goron shi ya zaunar da fataken Hausawa a unguwannin Sabo na Shagamu da Ibadan.

30. Shin ko kun san cewa farashin koko, wanda ya daɗe yana yawo a wajen dala 2,500 kan tan guda, ya haura dala 10,000 a Maris na 2024, ya wuce 12,000 a Disambar shekarar? Rikicewar damina da cututtukan itacen koko a Gana da Kwaddibuwa ne suka jawo. Idan koko ya yi tsada, kamfanoni sukan rage girman sanda ko su ƙara abin cusawa, karamel kuwa ya fi koko araha nesa ba kusa ba.

31. Shin ko kun san cewa sandar cakulan ba ta cika shekara 200 a duniya ba? Kamfanin Fry na Biristol a Ingila ya fitar da ita a 1847. Daniel Peter na Suwizalan ya haɗa ta da madara a 1875. Jean Neuhaus na Beljiyam ya ƙirƙiro ƙoƙon cakulan da ake cusa wa abu a ciki a 1912. Mars ta fito a 1932, Rolo a 1937, dukansu a Ingila. Shi ma Milton Hershey na Amurka da karamel ya fara arziki, ya sayar da kamfanin kan dala miliyan 1 a 1900 ya koma cakulan.

32. Shin ko kun san cewa an yi wa Cadbury Nigeria rajista ne a 1965, masana'antarsa na Ikeja a Legas? Shi ke yin Bournvita, TomTom da Buttermint. Uwar kamfanin ta samo asali ne daga shagon da John Cadbury ya buɗe a Bamingam a 1824, yanzu tana ƙarƙashin Mondelez na Amurka. A kwalayen Singa kuma za ku ga kayan zaƙin Turkiyya, Indiya da Sin suna gogayya da na gida.

33. Shin ko kun san cewa tun 2002 doka ta wajabta ƙara bitamin A a sukarin da ake sayar wa gidaje a Najeriya? Amma akwai sukarin masana'antu da ba a ƙara wa komai, wanda kamfanonin alewa da lemo ke saye. Mafi yawan ɗanyen sukarin ƙasar daga Barazil yake zuwa, a tace shi a Legas. Alhaji Aliko Ɗangote, haifaffen Kano a 1957 kuma mai babbar matatar sukari ta Apapa, ya sha faɗin cewa da sayar da alewa ya fara neman kuɗi tun yana firamare.

34. Shin ko kun san cewa wurin da Kantin Kwari take a yau unguwar Kwarori ce a da, 'yan kasuwar Lebanon da Siriya da suka yawaita bayan layin dogo ya iso Kano a 1911? A hankali 'yan ƙasa suka karɓe cinikin yadin, har ta zama kasuwar da ake kira mafi girma ta tufafi a Afirka ta Yamma. Masu sari daga Nijar, Chadi da Kamaru sukan haɗa da kwalayen alewa daga Singa a mota ɗaya da dilolinsu.

KAFIN KU MIƘA KUƊI

35. Shin ko kun san cewa duk abincin leda da ake sayarwa a Najeriya, na gida ko na waje, dole ya kasance da lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993? Ku duba lambar, ku duba ranar ƙarewar aiki, ku lura ko an kankare ta an buga sabuwa. Ƙa'idar mai da kitse ta hukumar ta 2022 ta kuma hana gurɓataccen maiƙon masana'anta, mai illa ga zuciya, ya wuce giram 2 a kowane giram 100 na mai.

36. Shin ko kun san cewa ba kowane abin cusawa ne ya halatta ga Musulmi ba? A Turai akwai cakulan da ake cika wa giya, akwai kuma alewa mai danƙo da ake haɗawa da jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba, har da alade. Mai karɓar tsaraba daga waje ya karanta kayan haɗi, ko ya nemi tambarin halal a jikin kwalin.

37. Shin ko kun san cewa ƙwaya guda na iya tara madara, waken suya, alkama da ɓurɓushin gyaɗa? Ga yawancin mutane wannan ba komai ba ne. Amma yaron da jikinsa ba ya karɓar ɗaya daga ciki zai iya yin borin jini, leɓe ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe. In numfashi ya shiga ciki, ba a jiran gobe.

38. Shin ko kun san cewa dabino ma sukarinsa ya haura giram 60 a giram 100? Bambancin shi ne kalorinsa wajen 280 ne, maiƙo kusan babu, yana da harza giram 7 zuwa 8, da fotasiyam mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta lissafa sukarin da ke cikin ɗan itace cikakke a iyakar nan ta giram 50, amma ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace. Mazarƙwaila ma sukari ce a wajen jiki. Mai ciwon sukari ya ƙidaya dabinonsa kamar yadda zai ƙidaya alewa.

39. Shin ko kun san cewa lokacin sha ya kusa kai yawan abin da aka sha muhimmanci? Ƙwalam ce, a ba ta matsayin ƙwalam. A sha bayan an ci abinci, a zama ɗaya, ba a riƙa tsinta ɗai-ɗai har dare ba. A kuskure baki da ruwa nan take, a goge haƙori safe da dare da man goge baki mai fulorayid, asuwaki ya biyo baya da rana. Kada yaro ya kwanta da ita a kunci. Uwar da ta sayo leda guda a Kwari ta riƙe ta a hannunta ta raba kwana-kwana, ta haɗa tsarabar da gyaɗa, aya ko lemon zaƙi.